Ni da Marigayi Haruna

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga ɗana, bayan gaisuwa mai yawa. Allah ya kai ka Bur Sudan lafiya, ya tsare ka a bayan lori da cikin jirgin ƙasa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin ruwa da na tudu. Zan ba innarka takardar nan ta cusa maka cikin kaya, don na san in ni na miƙa maka da hannuna, ba za ka karɓa da daɗin rai ba.

Na san abin da ka fara dubawa. Ka dubi samanta ka ga ko na rubuta suna, ka ga babu. Yi haƙuri ka karanta har ƙasa.

Shekaranjiya a bakin hawasha, gonar nan da muke nomawa, ka jingine fartanya ka ce mini, "Baba, na sami aiki a jiragen ruwa, zan tafi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ka kira ni da suna ba, daga 'kai' sai 'yaron nan'. In ba ka da sunan da za ka kira ni da shi, ni ma ban ga abin da zai juyo da ni ba." Na buɗe baki, in'inar nan tawa ta shaƙe ni. Ka jira, ka jira, sannan ka ɗauki fartanyarka ka wuce. Alƙalami ba ya in'ina, shi ya sa na ɗauke shi.

Mutanen gari suna cewa kunyar ɗan fari ce ta hana ni, har ana yabona da ita. Ƙarya ne. Inuwa na samu na fake a ciki shekara da shekaru. Kishi ne ya hana ni, kuma wanda nake kishi da shi ba kowa ba ne sai mutumin da kuke kira marigayi Haruna.

Sunan yankanka Haruna, sunana ke nan, ba zan iya kiransa ba. Sunan da kowa ke kiranka da shi kuwa Audi, kuma ka san wanda ake kira Audi a wurinmu: yaron da ubansa ya mutu ya bar shi a ciki. To ni ga ni zaune ina shan gahawata ta jabana, innarka ta leƙo ta ce, "Audi, kawo wa babanka ruwa." Kullum rana ta Allah sai an sanar da mutuwata a tsakar gidana, ina ji.

Abin da ya faru a kogin, ni ma ji na yi kamar yadda ka ji. A shekarar da Turawa ke tattara nasu-ya-nasu ne, lokacin muna zaune a ƙauyenmu na bakin kogin Dinder. Damina ta yi ƙarfi, kogin ya cika har yana ɗauko itatuwa da saiwoyinsu. Haruna ɗan fito ne, jikan Kabawa, kakansa ya baro Kabi da niyyar hajji ya tsaya nan ya ci gaba da abin da ya iya. Ya ɗauko mata za su ƙetare zuwa noman riɗi, wani kututture ya daki jirgin ya kife. Ya fitar da mata biyu, ya koma neman ta uku, kututturen ya same shi a ka. Ka lura ina cewa "ya". Haka bakina ya saba, ban taɓa iya cewa "na" a wannan labari ba.

Farkon abin da na sani da kaina shi ne warin man shanu da ƙudaje a goshina. Wasu Larabawa makiyaya ne suka tsince ni a kan yashi can ƙasa da nisa, kaina a tsage. Suka yi mini magani, suka tambaye ni suna ban sani ba, sai suka ce Abdalla. Na bi shanunsu fiye da shekara, ba na tuna komai, kuma wallahi hankalina kwance yake. Wata rana a kasuwar garin Hajj Abdalla wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta kama fuskata da hannu biyu tana duban tsagata, tana salati. Ta ce, "Haruna ɗan fito?" Na waiga bayana in ga wanda take kira.

A gida kuwa an riga an gama da ni. An nema an gaji, an yi sallah, an yi sadakar uku da ta arba'in. Innarka ta shiga takaba da cikinka, ta fita ranar da ta haife ka, aka mayar maka da sunan ubanka, mata suka ce Audi. Da aka kawo ni, gari ya taru. Liman Sani ya duba tsagata, ya duba ɗan yatsan da aka ce ya karye tun ina yaro, ya ce, "Shi ne. Tun da matar ba ta yi wani aure ba, aurensa na nan." Aka yi kabbara. Innarka ta durƙusa ta gaishe ni kana goye a bayanta, ta ɗago ta dube ni, na ga idonta yana neman wani abu a fuskata bai samu ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mini rigarsa. Na sa, ta zubo mini a kafaɗa kamar aro.

Kuskurena na farko daga ranar ya fara: na ce sai na zama shi. An ce mai dariya ne, a kan ji ta daga wancan ƙetare, sai na riƙa ƙaƙalo dariya. An ce ya iya labari, sai na riƙa kasa kunne ina tsintar labaransa a bakin mutane, washegari in ba da su kamar ni na tuna. Wasu abubuwa sun dawo mini da gaske, ƙanshin ɗakin uwata, karatun sallah, yadda ake ƙulla igiya. Amma yawanci haddacewa na yi. Rannan a inuwar masallaci ina ba da labarin kadan da aka ce na kora da filafili, ina ta fama da in'ina, sai tsoho Mamman Maikifi ya girgiza kai ya ce, "A'a, marigayi ba haka yake faɗi ba." Ya ankara, ya kama bakinsa, ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Malam Haruna." Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Na tashi na ɗauki takalmina.

Ga shawarata a kan wannan. Za ka je inda ƙarfe ke faɗowa, igiya ke tsinkewa, ruwa ke cin mutane. Allah ya tsare ka, amma duniya ba ta barin kowa yadda ta same shi. In wani abu ya taɓa ka, jiki ne ko zuciya, ka tashi ka ga ba yadda kake a da ba, kada ka ɓata ƙarfinka wajen kwaikwayon na jiya. Mutane suna ganewa, kuma tausayin da za su ji ya fi zagi ciwo. Ka ce, "Ban tuna ba," ka ce, "Ba na iyawa yanzu." Na ƙi faɗin waɗannan kalmomi ina saurayi, sai da furfura ta fito na koye su.

Na biyu, abin da na yi wa innarka. Ba ta taɓa raina ni ba, kada ka ji wannan daga bakin kowa. Amma ta rataye filafilinsa a bangon ɗaki, takan share shi da gefen zaninta in ƙura ta hau. Idan mata suka zo aka ɗauko labarinsa, akwai wani murmushi da take yi, kanta a sunkuye, ni ban taɓa samunsa ba ko da na sayo mata sabon zani. Takan dafa kifi da barkono mai yawa don haka yake so, ni kuwa tun daga kogin ƙarnin kifi amai yake sa ni. Da wani namiji ne a gari da na san abin yi, in je ƙofar gidansa mu yi ta. Yaya za ka yi da kishiyarka idan da ƙafafunka yake tafiya, kuma duk gari na yi masa addu'a?

Na kwashe ku daga bakin Dinder na dawo da ku nan Jazira, na kama aiki a hawashar wani Balarabe muna raba amfani. Na ce wa mutane tsoron kogi ne. Akwai tsoron, ba na musu, har yau in zan buɗe ruwa a gona sai na yi ta bisimilla. Amma babban dalili shi ne in je inda ba a san shi ba. Banza. Lokacin tsinkar auduga rabin ƙauyenmu nan suke zuwa, suka zo da shi a bakinsu. Filafilin ma ashe innarka ta naɗo shi cikin tabarma.

Wata rana da hantsi na dawo daga gona na tarar tana share shi. Na ce, "Ki gaya mini gaskiya, ni da shi wa kika fi so?" Ta dube ni ta ce, "Malam, shi na yi wa takaba, kai nake yi wa tuwo." Na ɗauka zagi ne. Na ce wato shi ya sami hawaye ni na sami abin cika ciki. Na fizge filafilin na kai tsakar gida na sa masa gatari. Ba ta yi kuka ba. Ta tattara guntayen ɗaya bayan ɗaya, ta kai murhu, da su ta tuƙa tuwon daren nan ta kawo mini. Na ci, don ban san abin da zan yi ba in ban ci ba. Na yi shekaru kafin in gane cewa takaba tana da ranar fita, tuwo kuwa kullum ne, kuma amsa ta ba ni ta gaskiya ni na ƙi ji.

In Allah ya ba ka mata, kada ka sa ta auna ka da kowa, ko da da kai ne na da. Duk amsar da ta ba ka ba za ta ishe ka ba, domin mai kishi ba amsa yake nema ba, abin riƙewa yake nema. Ka dubi abin da hannunta ke yi maka kowace safiya. Kuma kada ka fasa abin da wani ke tunawa da wani. Filafilin nan naka ne, gadonka ne, na ƙone maka shi.

Na uku shi ne wanda ya shafe ka kai tsaye, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Kana tuna ranar da na dake ka a bakin tur'a, magudanar nan da ke kawo ruwa gonaki? Kana ɗan yaro, ba wanda ya koya maka, ka faɗa babbar tur'a ka ƙetare ka dawo kana dariya. Ina tsaye da buhu a kai. Matan da ke wanki suka miƙe suna tafi, ɗayarsu ta ce, "Allahu akbar, Haruna ya dawo." Ni ina nan a gabanta, inuwata na taɓa kwandonta. Na dawo tun shekaru, ba wanda ya taɓa faɗin haka a kaina da irin wannan murya. Na ajiye buhun na karyo tsumagiya na yi maka dukan da har yau innarka ba ta yafe mini ba. Na ce don tsargiya ne, ruwan tur'a na sa fitsarin jini. Yaran gari duka a cikinsa suke wuni, ban taɓa tsawata wa ko ɗaya ba.

Kishinka na ji. Kafaɗarsa ka ɗauko, dariyarsa ka ɗauko, ruwa ya san ka kamar yadda aka ce ya san shi. Duk abin da kogi ya ƙwace mini, sai na gan shi a jikinka kyauta, ba ka ma san darajarsa ba. Ni aka bar wa tsagar da karyayyen yatsa, kai aka ba mutumin. Da kana girma, in na hango ka kana tahowa daga nesa sai in ji kamar mai gidan ne ya dawo zai tambaye ni me nake yi a kan gadonsa na angarib. Shi ya sa nake sunkuyar da kai in ka shigo. Kai kana ganin ƙi ne.

In ka ji fushi ya taso maka yana cewa shi tsoro ne ko kulawa, ka tsaya ka tambaye shi sunansa na gaskiya kafin ka ɗaga hannu. Musamman a kan yaro. Yaro ba ya manta duka, kuma ba ya sanin dalilinsa, sai ya ɗauka shi ne ba a so.

Na taɓa kai wa Liman Sani tambaya kafin ya rasu. Na ce, "Allah gafarta malam, ranar tashin alƙiyama wa za a tayar, ni ko shi? Ladan matan nan biyu da aka fitar daga ruwa, a littafin wa yake? Ni ban tuna na fitar da kowa ba, ko ɗan akuya ya faɗa tur'a yau sai dai in yi ihu." Ya yi dariya ya ce, "Haruna, kai ne ka ruɗe, Ubangijinka bai ruɗe ba." Na ji haushinsa ranar, don na ga kamar ya kauce ne. Na ci gaba da juya abin ni kaɗai ina bin ruwa a kunya-kunyar auduga. In jiki ne mutum, to ni ne shi, liman ya riga ya duba. In tunani ne mutum, to ya tafi a kogin, ni kuwa an haife ni a kan yashi da gemuna. In abin da mutane ke gani ne, to kai ne shi, ni baƙo ne da ya daɗe. Duk wadda na kama sai ta sulluɓe. Inda na tsaya a yanzu, kuma ban ce malamai za su yarda ba, shi ne ni kamar ƙaninsa nake, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya gaji gidansa da matarsa da ɗansa da sallolin da ake binsa. Nauyinsa duka nawa ne, ba na gudunsa. Yabonsa nasa ne, kuma ba dole sai na ƙwato shi ba kafin in zauna lafiya.

Jiya bayan ka fita sallama da abokanka na zauna ina ta mita, ina cewa da marigayi ne da ba ka yi masa irin maganar da ka yi mini ba. Innarka tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Da shi ne, da bai san ranar da yaron nan ya fara tafiya ba. Yana can bakin kogi yana ba mutane dariya, ni ina gida ina jiran cefane. Wa ya goya shi har asibitin Hajj Abdalla lokacin ƙyanda, a ƙasa, cikin taɓo? Shi ko ɗan kaza bai taɓa ɗauka ba." Na ce, "To me ya hana ki faɗa tuntuni?" Ta ce, "Ba a zagin mamaci. Kuma kai ba ka taɓa tambayata laifinsa ba, sai wa na fi so." Ba zan ɓoye maka ba, daɗi ya kama ni har kunne. Tsofai-tsofai da ni, ina murna don an kushe abokin kishina. Ka ga dai ciwon bai gama warkewa ba.

Amma ya warke daidai yadda zan iya abin da ka nema. Yau da safe na tafi gona ni kaɗai, na tsaya tsakiyar dawa na gwada faɗinsa da ƙarfi. Harafin farko ya maƙale mini kamar kullum, na yi ta fama har ya fita. Tsuntsaye ne kawai suka ji, amma ya fita.

Matan da suka raɗa maka sunan nan ba su yi ƙarya ba. Mutumin da ya bar ka a ciki bai dawo ba, kuma na gaji da faɗa da su a kan haka. Wanda ya dawo shi ne ya goya ka, ya dake ka a kan zalunci, ya ciyar da kai da auduga da dawa, kuma shi ne yake roƙonka gafara yanzu. Ka tafi aikinka, ka shiga ruwa yadda ranka ke so, jininka ne, na daina hana ka. Ka riƙe sallah, ka guji rigimar bakin tasha, ka riƙa aiko wa innarka da labari ko da layi biyu ne. In babbar sallah ta zo ka nemi hutu ka dawo. Zan tsaya a inda lori ke sauke mutane, in kira ka a gaban kowa. Zai ɗauki lokaci kafin ya fita daga bakina, sai ka yi haƙuri ka jira, kada ka ɗauki kayanka ka wuce.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ruwan gishiri ya zame maka sanyi, ya maido mana da kai lafiya. Akwai kuma addu'ar da ake yi a gabana tun kana goye, ban taɓa cewa amin ba. Yau ni zan yi ta, kai ka amsa daga can. Allah ya jiƙan Haruna ɗan fito, ya ba shi ladan matan nan biyu.

Ka sauka lafiya, Audi.

Ni ne babanka,
Haruna na bayan ruwa.